Jesse James: gwarzon talakawa ne ko ɗan fashi da makami?

Nura Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da dare na kalli wani bidiyo a kan Jesse James, Ba'amurken nan da ya addabi bankuna da jiragen ƙasa bayan yaƙin basasarsu, kuma har yanzu abin yana raina. Yana ɗan shekara 15, a 1863, mayaƙan gwamnati suka dira gonarsu a jihar Misuri, suka zarga wa mijin mahaifiyarsa igiya a wuya suka ɗaga shi kan bishiya don ya faɗi inda Frank, wan Jesse, ya ɓuya. Da aka gama yaƙi kuma sai aka kafa dokar da ta hana irinsu jefa ƙuri'a, ta hana su koyarwa, ta hana su wa'azi a coci. To me ake so su yi? Ni a ganina tura ce ta kai bango. An ce ma abin da ya ƙwato daga hannun masu banki, talakawa yake rabawa. Malam Sani, kai ne malamin tarihi a gidan nan, ka warware mana. Ashe bai kamata a ce masa gwarzo ba?

Baba Garba: Wa alaikumus salam Nura. Ka tuna mini da ƙuruciya. Mu da muka shiga silima a Kano a shekarun 1970, fim ɗin kaboyi da na Indiya su ne abincinmu. Ba ma jin Turancin, amma mun san akta mun san bos. Mai farin doki da saurin zare bindiga shi ne namu, ko da banki ya fasa tafi muke yi masa. Washegari ka ga yaran unguwa sun ɗaura ƙyalle a wuya, an sassaƙa bindigar kara, kowa yana tafiya yana buɗe ƙafa. Ban taɓa tambayar kaina kuɗin wa ke cikin bankin ba, kuma ban taɓa tunanin mutumin da ke faɗuwa a bayan kanta yana da mata da 'ya'ya ba. Sai da girma ya zo. Ina nan ina sauraro, don ni ma ina son jin gaskiyar mutumin nan.

Malam Sani: Baba barka da warhaka, Allah ya ƙara lafiya. Nura ƙanina, abin da ka faɗa game da harin gonarsu ya faru, dokar nan ma ta 1865 an yi ta. Sai dai bidiyon ya fara maka labarin daga tsakiya ne. Mu koma baya kaɗan.

An haifi Jesse a 1847 a gundumar Clay. Mahaifinsa Robert James fasto ne kuma manomi, yana noman wata irin rama da ake tufka igiya da ita, kuma bayi shida ne ke masa aikin. Ka riƙe wannan da kyau: gidan su Jesse gidan iyayengijin bayi ne, bayin kuwa baƙaƙen fata ne irina da kai. Uban ya bi masu neman zinariya zuwa Kalifoniya, ya rasu can a 1850. Da yaƙi ya ɓarke a 1861, Misuri ba ta ɓalle daga tarayya ba, amma mutanenta sun rabu biyu, maƙwabci yana farautar maƙwabci. Gidan su Jesse suka bi 'yan tawayen Kudancin ƙasar masu son bauta ta ɗore.

Wansa Frank yana cikin 'yan sari-ka-noƙen William Quantrill da suka auka wa garin Lawrence na jihar Kansas a watan Agustan 1863. Sun kashe maza da samari sama da 150, yawancinsu ba makami a hannunsu, wasu a gaban matansu, sannan suka cinna wa garin wuta. Shi kuma Jesse ya shiga daji a 1864, ƙarƙashin Bill Anderson, mutumin da saboda yawan zubar da jini har laƙabi aka yi masa da shi. Ranar 27 ga Satumban wannan shekara suka tare jirgin ƙasa a Centralia, suka sauko da sojoji sama da 20 da ke hanyar zuwa hutu gida, ba su da ko wuƙa, suka jera su suka harbe. Da rundunar da ta biyo sawunsu ta iso, suka yi mata kwanton ɓauna suka kashe fiye da 100, har da yi wa gawarwaki wulaƙanci. A wannan makaranta Jesse ya yi karatu, yana ɗan shekara 17.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ɓangaren gwamnati ma hannunsu ba wankakke ba ne. Bayan abin da ya faru a Lawrence, Janar Thomas Ewing ya ba da umarni aka kwashe mutanen karkara daga gundumomi huɗu na yammacin Misuri, aka ƙone gidaje da gonaki masu yawa. Zalunci ne ƙarara. Amma wanda aka zalunta yana iya zama azzalumi, kuma Jesse ya zama.

Nura Kurna: Na ji, Malam. Amma wannan ai lokacin yaƙi ne, kowa ya yi ɓarna kamar yadda ka faɗa da bakinka. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni maganata a kan bayan yaƙi take. Bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa na 'yan Arewan ƙasar ne masu tsotse jinin manoma, yana taɓa su talaka yana jin daɗi. In ba haka ba me ya sa mutanen yankinsa suka ɓoye shi shekara da shekaru? Ruwa ba ya tsami banza.

Malam Sani: To mu shiga bayan yaƙin. Fashin da ya fara fito da sunansa a jarida shi ne na garin Gallatin, ranar 7 ga Disamban 1869. Ƙaramin banki ne na cikin gari. Ya shiga ya harbe kashiya mai suna John Sheets, domin ya zaci shi ne Samuel Cox, jami'in da sojojinsa suka kashe ubangidansa Anderson. Ba shi ba ne. Mutum ya mutu a bakin aikinsa saboda kuskuren fuska, kuma abin da suka gudu da shi takardu ne marasa amfani. Ina talaka a nan?

Dokar hana zaɓen da ka kawo, an janye ta a 1870. Shi kuwa bai daina fashi ba sai 1881. Da ita ce dalili, da ya ajiye bindiga tun lokacin.

Batun rabon kuɗi kuwa, masana tarihin da suka bi diddigin rayuwarsa ba su samu shaida ko ɗaya ba cewa ya taɓa ba wani talaka ko sisi, in ka cire 'yan ƙungiyarsa da danginsa. To daga ina labarin ya samo asali? Daga alƙalamin mutum guda: John Newman Edwards, tsohon hafsan sojan Kudu, editan jaridar Kansas City Times. Burinsa shi ne tsofaffin 'yan tawaye su dawo kan mulkin Misuri, yana kuma bukatar gwarzon da zai ɗaga wa jama'a. Sai ya riƙa buga wasiƙun da aka ce Jesse ne ya rubuta, yana rantsuwa bai aikata komai ba, 'yan jam'iyyar Republican, abokan hamayyar 'yan Kudu, su ne ke masa bi-ta-da-ƙulli. A watan Satumban 1872 aka yi fashi a ƙofar filin baje koli na birnin Kansas, gaban dubban mutane. Abin da aka ɗauka bai kai dala 1,000 ba, harsashi kuma ya sami wata ƙaramar yarinya a ƙafa. Edwards ya zauna ya rubuta sharhi yana kwatanta 'yan fashin da barade na zamanin da. Yarinyar ba ta dame shi ba.

Shekara mai zuwa, a watan Yuli, suka kwance ƙarfen layin dogo kusa da Adair a jihar Ayowa. Kan jirgin ya kife, direbansa ya mutu nan take. Ka ga dai jerin waɗanda suke mutuwa: kashiya, direba, kwandasta. Yawancinsu 'yan albashi ne. Masu kamfanin suna can birnin Shikago da Niyok ko ƙwarzane bai same su ba.

Maman Humaira: Malam Sani ka yi haƙuri in sa baki. Ni ba na kare shi, amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya. A watan Janairun 1875 ma'aikatan kamfanin Pinkerton, masu binciken haya da aka ɗauko don su kama shi, sun je gidan mahaifiyarsa cikin dare suka jefa wani abu mai cin wuta ta taga. Abin ya fashe. Ƙaninsa Archie, yaro ɗan shekara 8, ya mutu. Uwar, Zerelda, sai da aka yanke mata hannun dama. Su Jesse ma ba a kama su ba. Ku maza kuna lissafin banki da jirgi, ni wannan matar nake gani tana riƙe da gawar autanta da hannu ɗaya. Kuma babu wanda aka hukunta. Ta yaya mutanen ƙauyen ba za su tsani masu zuwa da sunan doka ba? Duk lokacin da masu farautar ɓarawo suka kashe yaro, sun ƙara wa ɓarawon magoya baya da hannunsu.

Malam Sani: Maman Humaira, ban da ta cewa a kan wannan, gaskiyarki ce. Wannan dare ya yi wa sunan Jesse amfanin da duk rubutun Edwards bai yi masa ba. Abu guda zan ƙara, saboda tambayar Nura kan dalilin da ya sa aka riƙa ɓoye su. Akwai maƙwabcinsu manomi, Daniel Askew, da aka zarga da taimaka wa 'yan Pinkerton. A watan Afrilun wannan shekara aka harbe shi a harabar gidansa. Kafin nan, a 1874, wani ma'aikacin Pinkerton mai suna Joseph Whicher ya je yankin da sunan neman ƙwadago, aka tsinci gawarsa a gefen hanya. Wasu sun yi shiru don ƙauna da zumunci, wannan babu musu. Wasu kuwa sun ga abin da ya sami Askew ne.

Ɗan Gusau: Tun ɗazu nake karantawa ina danne zuciyata. Nura, kai a cikin birni kake, Allah ya ci gaba da tsare ku. Mu da muka binne namu, wannan magana ta "tura ta kai bango" mun ji ta har ta ishe mu. Wana uwa ɗaya uba ɗaya, a gona aka same shi da fartanya a hannu. Bai taɓa sace saniyar kowa ba, bai taɓa zama alƙali ko ɗan sanda ba, balle a ce shi ya zalunce su. Ya bar 'ya'ya shida, suna hannuna yanzu. Waɗanda suka kashe shi su ma suna da labarin zaluncin da aka yi musu, wani ma gaskiya ne. To sai me? Shi ya yi musu?

Shirun da Malam Sani ya faɗa kuwa na san shi ciki da waje. Ka ga mutum a kasuwa, ka san ko shi wane ne, ka gaishe shi ka wuce, domin ba ka san wanda zai kai rahotonka ba. Baƙo ya gani ya ce ai mutanen nan suna son su. Yanzu kuma ga masu yi musu waƙa da kirari a waya, yara suna turawa juna. Wannan editan da aka ambata, ni shi na fi jin haushi a labarin duka. Nan da shekara 100 haka wani zai zauna ya ce wa jikokinmu wane gwarzo ne, ba wanda zai tuna sunan wana.

Nura Kurna: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, ka yafe ni don Allah, wallahi ban yi nufin fama maka ciwo ba. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.

Ɗan Gusau: Amin. Ba komai ƙanina, ban riƙe ka ba. Ku ci gaba.

Barista Hadiza: Allah ya jiƙan mamaci, ya ba ku haƙuri. Bari in kawo abin da ya shafi fannina. Bayan mutuwar yaron nan, tausayi ya yi yawa har aka gabatar da ƙuduri a majalisar dokokin Misuri a 1875 na yi wa 'yan gidan James da 'yan gidan Younger, abokan fashinsu, afuwa kan abin da suka yi lokacin yaƙi, tare da alkawarin shari'ar adalci kan sauran. Ƙudurin ya samu rinjaye, amma bai kai kashi biyu cikin uku da ake bukata ba, sai ya faɗi. Majalisar ta kuma taƙaita yawan ladan da gwamna zai iya sawa a kan mai laifi. Ku duba da kyau: 'yan majalisa ne ke ɗaure hannun gwamnansu saboda 'yan fashin 'yan ɓangarensu ne a siyasa. Da ɗan gari akan ci gari.

Wasu na cewa da an yi afuwar da sun tuba. Ni ban gamsu ba. Dubban tsofaffin mayaƙan Kudu sun koma gona da kanti da aikin lauya ba tare da sun fasa banki ko ɗaya ba, kuma su ma an ƙone musu gidaje. Su Jesse 'yan tsiraru ne da suka ɗanɗana kuɗin da ba gumi, suka kasa komawa bayan garma. Sai dai ba zan matsa kwatancen da halin da muke ciki ba, domin su ƙaramar ƙungiya ce, ba su riƙe daji ba, ba su sa wa ƙauyuka haraji ba. Inda aka yi kama shi ne wurin masu wanke su.

Abdul Minesota: Salam jama'a, yanzu na tashi daga aiki na tarar da wannan zance, kuma ya biyo ta ƙofar gidana. Garin Northfield bai fi tafiyar awa ɗaya a mota daga inda nake ba, na je sau biyu. Ginin bankin yana nan, an mai da shi gidan tarihi, za ka shiga ka tsaya daidai inda abin ya faru. Gani ya kori ji.

Ranar 7 ga Satumban 1876 su takwas suka shigo garin a kan dawakai: Jesse da Frank, 'yan gidan Younger uku wato Cole da Jim da Bob, sai Clell Miller da Charlie Pitts da Bill Chadwell. Sun baro yankinsu da nisa, babu dangi, babu mai ɓoye su, babu editan da zai wanke su. Uku suka shiga banki, sauran suka tsaya a titi. Babban kashiya ya yi tafiya, wanda ke riƙe da wurin shi ne akawu Joseph Lee Heywood, tsohon sojan tarayya. Suka ce ya buɗe akwatin ƙarfen da kuɗi ke ciki, ya ce musu akwai agogo a jikin makullin, ba ya buɗuwa sai lokacinsa ya yi. Suka ɗora masa wuƙa a maƙogwaro, suka rotsa masa kai da gindin bindiga, bai canja magana ba. Abin da ya fi girgiza ni da mai yi mana bayani ya faɗa shi ne, akwatin a rufe kawai yake, ba a kulle ba. Da sun murɗa mariƙin ƙofar akwatin da ya buɗe.

Ku tuna a wancan zamani babu inshorar ajiya a Amurka, sai a 1933 aka kafa ta. In aka kwashe banki, kuɗin manomi da mai kanti da gwauruwa sun tafi ke nan. Heywood shi ne ma'ajin kwalejin Carleton da ke garin, ya san kuɗin wane ne da wane ne a ciki.

A waje kuma wani mai kanti ya gane abin da ake ciki ya kwarma ihu. Mutanen gari ba su watse ba. Wani mai sayar da kayan ƙarfe, Anselm Manning, ya ɗauko bindigarsa ya harbe Chadwell. Wani ɗalibin likitanci, Henry Wheeler, ya hau benen otal ya harbe Miller ta taga. Wasu da bindigar harbin tsuntsu suka fito, waɗanda ba su da komai suka kama jifa da duwatsu. Cikin 'yan mintoci aka gama. Da 'yan fashin za su fita, ɗayansu ya juya ya harbi Heywood a ka. Abin da suka tsira da shi bai kai dala 30 ba.

Mako biyu ana bin su cikin ruwan sama da fadama. Kusa da garin Madelia aka rutsa da huɗu, aka kashe Pitts, aka kama 'yan Younger uku jina-jina, aka yi musu ɗaurin rai-da-rai a kurkukun Stillwater. Jesse da Frank kaɗai suka sha. Har yau duk watan Satumba garin yana bikin tunawa da ranar, kuma sunan bikin ma na murƙushe Jesse James ne. Ana zuwa kabarin Heywood a yi masa addu'a irin tasu. Ya bar mata da 'yar shekara 5.

Baba Garba: Allahu akbar. Wannan akawun ai shi ne akta, mu kuwa bos muka yi ta yi wa tafi shekara da shekaru. Abdul ɗana, Allah ya yi maka albarka.

Ummi Zariya: Tunda gwarzo ake nema, ni ga nawa. Bass Reeves. An haife shi cikin bauta a jihar Akansas a 1838, ya tsere lokacin yaƙi ya fake a yankin da aka tara ƙabilun 'yan asalin ƙasar, wanda yanzu yake jihar Oklahoma, har ya koyi harsunansu. A 1875, shekarar da ake muhawarar yi wa su Jesse afuwa, aka ɗauke shi aikin ɗan sandan tarayya a ƙarƙashin kotun alƙali Isaac Parker da ke Fort Smith. Ya yi shekara 32 yana shiga dajin da 'yan fashi ke ɓuya yana fito da su a ɗaure, fari da baƙi. Da ɗansa na cikinsa ya kashe tasa matar, shi ya karɓi takardar kamun ya je ya kawo shi gaban shari'a. Ya rasu a 1910, aka kusa mantawa da shi ɗungurum, alhali ɗan iyayengijin bayi ana ta yi masa waƙa da fim. Ya Nura, in za mu ɗauki wani daga wancan zamani mu nuna wa yaranmu, me zai hana mu ɗauki wanda da a gidan su Jesse aka haife shi da kadara za a lissafa shi?

Nura Kurna: Ummi wannan ta shige ni, ban taɓa jin sunansa ba. Amma ku bar ni in riƙe abu ɗaya. Yadda aka kashe Jesse cin amana ne. Robert Ford yaro ne ɗan shekara 20 da yake kwana a gidansa yana cin abincin matarsa. Ranar 3 ga Afrilun 1882, a garin St. Joseph, mutum ya ajiye bindigoginsa ya hau kujera zai gyara hoton bango, ka harbe shi a ƙeya, matarsa da 'ya'yansa biyu suna cikin gidan. Ko ɗan fashi ne, wannan ba hukunci ba ne.

Barista Hadiza: A nan kam ina tare da kai, Nura. Gwamna Thomas Crittenden, da yake majalisa ta ɗaure masa hannu, kamfanonin jirgin ƙasa ya sa suka tara ladan dala 5,000 a kan kowane ɗaya daga cikin 'yan uwan biyu, bayan fashin Winston na 1881 inda aka kashe kwandasta da wani fasinja. Ya kuma gana da Ford a asirce kafin kisan. Da aka gurfanar da Robert da wansa Charley, a rana ɗaya suka amsa laifi, aka yanke musu hukuncin rataya, gwamna ya aiko da takardar afuwa. Kowa ya gane an gama magana tun kafin a shiga kotu. Illar ita ce ba a taɓa tsayar da Jesse gaban alƙali an kira shaidu ba. Matar Sheets ba ta samu ranar da za ta dube shi ta yi magana ba, haka iyalin Heywood. Kotu ba ta taɓa yanke masa hukunci kan kisa ko fashi ba, sai aka bar wa mawaƙa filin, su kuma suka rera cin amanar suka bar gawarwakin.

'Yan Ford ɗin ma ba su ga da kyau ba. Kaɗan suka samu daga ladan, suka koma yawon dandamali suna kwaikwayon yadda suka yi kisan. Charley ya kashe kansa a 1884, Robert kuma wani ya bindige shi a garin Creede na Kolorado a 1892.

Malam Sani: Shi kuwa Frank, bayan wata shida ya je da ƙafarsa ya miƙa wa gwamna bindigarsa. Aka yi masa shari'a a Gallatin a 1883, tsohon janar ɗin Kudu Jo Shelby ya zo ya ba da shaida a kansa ta alheri, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi. Mutumin da ya je Lawrence, ya je Centralia, ya je Northfield, bai yi zaman kaso na hukunci ko na shekara ɗaya ba. Ya tsufa yana karɓar kuɗin shiga daga masu zuwa kallon gonarsu, ya mutu a kan gadonsa a 1915. Uwar kuma ta binne Jesse a tsakar gida, tana sayar wa baƙi tsakuwar kabarinsa a kan santi 25, in ta ƙare a ɗebo wata daga rafi a zuba. Matar Jesse ta mutu cikin talauci a 1900. Duk kuɗin da aka zubar da jini a kansu, ko iyalinsa ba su amfana ba, balle talakan Misuri.

Maman Humaira: Ni dai har yanzu yaron nan Archie da yarinyar da aka harba a filin baje koli su ne a raina. Ɗaya 'yan doka suka kashe, ɗaya 'yan fashi suka raunata, kuma ba wanda ya tsaya gaban alƙali saboda ko ɗayansu.

Nura Kurna: Na janye kalmar gwarzo, Malam, na kuma goge bidiyon daga shafina. Amma ban janye cewa da ba a taɓa gidansu a 1863 ba, wataƙila da manomi ya mutu. Wannan Allah kaɗai ya sani.

Malam Sani: Wataƙila. Sai dai ka tuna Frank ya riga ya shiga daji kafin a zo gidan, nemansa ma aka zo yi.

Baba Garba: Abdul, kafin in tashi salla. Na taɓa jin cewa ban da akawun akwai wani mutumin gari da ya mutu ran nan a Northfield. Ka san ko wane ne? Ina son in ji sunansa.

Abdul Minesota: Akwai, Baba. Sunansa Nicholas Gustafson, baƙo ne daga ƙasar Suwidin, bai daɗe da zuwa Amurka ba. Yana kan titi lokacin da 'yan fashin ke daka wa mutane tsawa su shige gida, shi kuwa an ce bai iya Turanci ba, bai gane abin da ake faɗa ba. Harsashi ya same shi a ka. Ya yi kwana huɗu yana jinya, ya cika ranar 11 ga Satumba.